Rikicewar Tsufa Ciwo Ce, Ba Dole Ba Ce Ga Kowane Tsoho

An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda ya manyanta dole ne hankalinsa ya rikice, shi ya sa idan tsohuwa ta fara kiran jikarta da sunan 'yarta, ko ta ɗora tukunya a wuta ta manta da ita har ta ƙone, sai a ce ai tsufa ne kawai. Gaskiyar magana ita ce mantuwar da take hana mutum gane hanyar gidansa ko lissafin raka'o'in sallarsa galibi alama ce ta lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma akwai masu shekara 90 da hankalinsu garau yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ita ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan lalura, wani kason kuma yana biyo bayan shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba da raunin ji duk suna ƙara haɗarinta, don haka kula da su tun ana da ƙarfi yana rage shi.

Mafi muni shi ne jingina lamarin ga maita, abin da ya sa ake korar tsofaffin mata zuwa sansanoni irin na Gambaga a arewacin Ghana. Ya kamata a kai mai irin wannan hali asibiti, domin ƙarancin sinadarin bitamin B12 ko ciwon damuwa ma kan kawo mantuwa, kuma waɗannan suna da magani.