Ƙarfin Inji Ba Shi Ne Daɗin Tuƙi Ba

Matasanmu da ke Jidda da Riyad suna yawan ɗauka cewa motar da ta fi ƙarfin doki a takarda ita ce ta fi daɗin tuƙi, alhali adadin doki bai nuna komai ba sai iyakar ƙarfin da injin zai iya fitarwa. A kan babbar hanyar Riyad zuwa Dammam, inda kyamarorin Saher ke lura da gudu, da wuya direba ya taɓa rabin wannan ƙarfin.

Abin da hannu da jiki ke ji yana zuwa ne daga nauyin mota, da yadda aka raba shi tsakanin gaba da baya, da yadda sitiyari ke isar wa direba labarin tayoyi. Alfa Romeo Giulia Quadrifoglio da BMW M3 Competition suna da ƙarfi kusan ɗaya, wajen doki 500, amma sitiyarin Giulia ya fi saurin amsawa, tana shiga kwana da sauƙi, yayin da M3 ta fi nauyi da natsuwa, musamman wadda ke tura tayoyi huɗu. Ita kuwa Mercedes-AMG C63 ta 2023 ta zo da doki sama da 670, amma injinta mai silinda huɗu ne kawai, kuma batir da injin lantarki da aka ƙara mata sun kai nauyinta fiye da tan biyu, shi ya sa masoyan tsohuwar C63 mai injin V8, wato silinda takwas, da yawa suka juya mata baya.

A ganina, mai saye ya nemi titi mai kwana ya gwada motar, irin hawan Hada na Ɗa'if, kuma ya kula da yadda birki da tayoyi ke jure zafin rana.