Katin tarot da maganar soyayya: amsa ɗaya ga masu yawan tambaya

Wai mene ne wannan katin da muke gani a TikTok?

Kati ne guda 78, kowanne da hotonsa. A arewacin Italiya aka fara yin sa wajen shekarun 1440, kuma karta kawai ake bugawa da shi. Sai ƙarshen ƙarni na 18 wasu Faransawa suka mayar da shi abin duba. Masu cewa tun zamanin Fir'auna yake, shaci-faɗi ne.

Zai gaya min ko saurayina zai aure ni?

A'a. Ki tambayi saurayin, ko ki ce ya turo magabatansa.

To me ya sa maganar matar da ke duba da katin ta yi daidai da halin da nake ciki?

Don ta faɗi abin da ya dace da kowa. "An taɓa yaudararki, yanzu kina tsoron sake ba da amana." Wace ce ba a taɓa ɓata wa rai ba? A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya sak, kusan kowa ya ce ai shi aka kwatanta.

Ni ba duba nake yi ba, hoton kawai nake kallo don in gane zuciyata. Wannan fa?

Nan ne maganar take da sarƙaƙiya, ki nutsu. Gaskiya ne wasu a Turai da Amurka haka suke amfani da shi. A cikin katin da aka buga a Landan a 1909 akwai mai hoton zuciya an soke ta da takubba uku, ruwan sama na zuba a baya. Mace ta kalla, hawaye ya zo mata, ta gane ashe tsoron a guje ta ne ya sa take yi wa miji shiru kwana da kwanaki. To amma ciwon daga ita ya fito, katin bai san komai ba. Matsalar kuma, ƙafa ba ta tsayawa nan. Yau kin ce nazari ne, gobe ya ƙi ɗaga waya, sai ki zaro kati don ki ji "ko yana da wata". Kin shiga duba ke nan, babu bambanci da bugun ƙasa. Ga Musulma kuwa, hadisin da Muslim ya ruwaito a fili yake: wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Hukuncin kallon hoton zalla, malami za ki tambaya, ni ba mai fatawa ba ce. Ra'ayina dai, ki ɗauki biro ki rubuta abin da kike tsoron faɗa masa, zai yi miki wannan aikin.

In na faɗa masa raunina ya raina ni fa?

Zai iya. Kada ki juye masa komai dare ɗaya. Faɗi ƙarami, ki ga yadda zai riƙe shi.

Nawa ake sayar da katin?

Haba dai, bayan duk wannan bayanin?