Mai Fesa Iskar Guba na Mattoon: Yadda Jarida Ta Hura Wutar Tsoro

Me ya faru a Mattoon?

Mattoon ƙaramin gari ne a jihar Illinois ta Amurka. A daren 1 ga Satumba 1944, wata mata ta ji wani baƙon ƙamshi a ɗakin kwananta, ƙafafunta suka yi nauyi, ta kasa tashi. Mijinta direban tasi ne. Da ya dawo bayan tsakar dare ya ce ya ga mutum a bakin taga, ya bi shi, bai kama shi ba.

Ta ina jarida ta shigo?

Washegari jaridar garin, Journal-Gazette, ta buga a shafin farko cewa wani mai shaƙa wa mutane iskar sa barci yana yawo a gari. Ta kuma kira matar da 'yarta waɗanda aka fara afka wa. A ganinmu nan gizo ke saƙa. Kalmar "fara" ta riga ta gaya wa mai karatu cewa na biyu da na uku suna tafe, alhali ba a tabbatar da ko ɗaya ba. Bayan fitar labarin ne wasu suka zo suna cewa ai su ma an fesa musu tun kafin nan. Duk wanda ya ji wari da dare ya riga ya san sunan da zai ba shi.

Me mutane suka riƙa ji?

Tashin zuciya, amai, mutuwar ƙafa, zafin baki da maƙogwaro. Ciwon gaske ne, domin tsoro kaɗai yana iya haddasa shi. Galibin waɗanda abin ya shafa mata ne, a lokacin da maza da yawa suke fagen Yaƙin Duniya na Biyu. Ba wanda ya mutu. Mazan da suka rage suka fito sintiri da bindigogi.

An kama wani?

A'a. Ba a gano iskar ba, ba a ga abin fesa ta ba.

To yaya abin ya lafa?

A ranar 12 ga Satumba shugaban 'yan sandan garin, C. E. Cole, ya ɗora laifin a kan tururin sinadari daga wata masana'anta, masana'antar kuma ta musanta. Da jarida ta sauya harshe ta fara maganar ruɗani, ƙorafi ya ɗauke cikin kwanaki. A 1945 Donald Johnson, mai nazarin halayyar ɗan Adam, ya bi rahotannin 'yan sanda, ya kammala cewa firgicin jama'a ne ya yaɗu a garin.