Dokar Newton ta Biyu: Nauyin Abu da Sauyin Gudunsa

Dokar Newton ta biyu ƙa'ida ce ta kimiyyar motsi wadda ke bayyana alaƙar da ke tsakanin ƙarfin da aka sa wa abu, da nauyinsa, da yadda gudunsa ke sauyawa. Masanin Ingila Isaac Newton ne ya gabatar da ita a littafinsa Principia, wanda aka buga a Landan a 1687, kuma a yau ana taƙaita ta da F = ma, wato ƙarfi daidai yake da nauyi sau ƙaruwar gudu.

Nauyin da ake nufi a nan shi ne yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram, ba jan da ƙasa ke yi masa ba. Buhun gero mai kilo 50 yana nan da kilo 50 ko a duniyar wata, duk da cewa jan da ke kansa a can bai wuce kashi ɗaya bisa shida na nan ba.

Dokar ba ta ƙayyade gudu kansa, sauyinsa take ƙayyadewa, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Idan aka sa ƙarfin newton 10 (newton shi ne ma'aunin ƙarfi) a kan abu mai kilo 2, gudunsa zai riƙa ƙaruwa da mita 5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, amma mai kilo 10 mita 1 kacal zai samu. Haka abin yake wajen tsayawa: tirela mai lodi tana buƙatar ƙarfin birki fiye da wadda ba ta ɗauke da komai kafin ta tsaya a tazara ɗaya.

Faɗowa daga sama kuwa tana da ban mamaki. Ƙasa tana jan babban dutse fiye da tsakuwa, sai dai yawan nauyinsa ya sa ya fi wuyar motsawa daidai gwargwado, don haka idan babu turjiyar iska dukansu gudunsu na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa kowace daƙiƙa. A 1971 ɗan sama jannatin kumbon Apollo 15, David Scott, ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa tare.

Lissafin F = ma yana kaucewa idan gudu ya kusanci na haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, inda ake komawa ga ka'idar da Albert Einstein ya fitar a 1905.