Baƙin mai da kwalta: ina doka ta tsaya?

Jama'a akwai wata magana da take yawo a garejin makanikai da wajen direbobin tirela a Apapa, wai baƙin man da ake juyewa daga inji ai Turawa kwalta suke yi da shi, don haka in ka watsa shi a layinku ƙura ta kwanta ba ka yi laifi ba, titi ka gyara. To rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuma shi zai sa a garƙame maka gareji.

Abin da Turawan suke yi daban ne. Kamfani ne yake tara man, ya dafa shi ya fitar da ruwa da ɓurɓushin fetur, ya tace mai kyau a sake yin man inji da shi, sai abin da ya kwanta a gindin tukunya, mai kauri baƙi ƙirin, shi ake ɗiba kaɗan a gauraya da kwalta don ta yi laushi, musamman a ƙasashen sanyi ko in za a sake shimfiɗa tsohuwar kwalta da aka kankaro. Kuma ko can ɗin ba a gama rigima a kai ba, masu so suna cewa kwalta tana ɗaure dattin ƙarfen da ke ciki kuma ya fi a ƙona shi, masu suka suna cewa titin yana saurin tsagewa, har wasu jihohin arewa maso gabashin Amurka suka dakatar da shi a 2014.

Shi ɗanyen baƙin mai kuwa babu abin da ya ɗaure shi. Akwai dalma a ciki, akwai zinki da sinadarai masu jawo ciwon daji, kuma a Legas ruwa a kusa yake, ka haƙa kaɗan ka tarar da shi, ruwan sama ɗaya ya isa ya kwashe man zuwa kwata, daga kwata sai lagun ko rijiyar maƙwabci. Hukumar muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya na mota zai iya ɓata ruwa galan miliyan 1.

Yanzu dokar. Babbar ita ce ta shara mai cutarwa ta 1988, wadda gwamnatin Babangida ta kafa bayan an jibge gubar Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Ta hana saye, sayarwa, ɗauka, ajiyewa ko zubar da irin wannan shara ba da izini ba, hukuncinta ɗaurin rai da rai, kuma a ƙwace motar da ta ɗauko. Amma kar hankalin bakanike ya tashi, dokar tana magana ne a kan yawan da zai iya kashe mutum ko ya nakasa shi har abada, ba lita 4 na Corolla ba. Wadda ta fi kusa da wuyanmu ita ce dokar NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ta 2007, sashe na 27, ya hana sakin abu mai guba a ƙasa, ruwa ko iska gwargwadon da zai cutar, tarar da aka rubuta a 2007 har naira miliyan 1 ko ɗaurin da zai kai shekara 5, kamfani kuma ana ƙara masa dubu 50 duk ranar da ya ci gaba. Sai jihar Legas da tata dokar muhalli ta 2017, kuma LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar, ita ce take zagayawa, su kam rufe waje ba ya musu wuya.

Ka lura babu inda aka ce haramun ne a sake sarrafa baƙin mai. Abin da ake tambaya shi ne wa yake yi, a ina, da izinin wa. Mai son kafa wajen tacewa sai ya bi dokar auna illar muhalli ta 1992 kafin ya sa bulo, shigo da shi daga waje kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Basel ta 1989 ta lissafa shi cikin shara mai haɗari.

Ni inda nake ganin gazawar gwamnati, ta iya rubuta tara amma bakanike a Agege ko Idi-Araba in durom ɗinsa ya cika, wanda yake zuwa ƙofarsa mai jarka ne da ba a san inda zai kai ba, wani ya shafa wa katako saboda gara, wani ya ƙona, wani ma ya shafa wa dabba wai maganin ƙazuwa, Allah ya kyauta. Kafin a gyara wannan, Oga, ka tara naka a durom mai murfi a kan siminti inda ruwan sama ba ya taɓawa, kar ka haɗa shi da man birki ko ruwan lagireto don yana ɓata shi wajen tacewa, mai saye kuma in ya zo da tanka ka ce ya nuna takardar LASEPA kafin ya sa tiyo.