Dokar "dina" a Madagaska da matan da ke kamun oktofus

A gaɓar kudu maso yammacin tsibirin Madagaska, inda ƙabilar Vezo ke zaune, babbar hanyar samun kuɗi ita ce oktofus, halittar nan ta teku mai hannuwa takwas. 'Yan kasuwa na saye su kai birnin Toliara, daga can a fitar da shi zuwa Turai. Mata ne suka fi yawa a wannan sana'a. Idan ruwa ya ja baya sosai, wato kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, sai su taka da ƙafa kan duwatsun murjani riƙe da siririn mashi, suna leƙa rami bayan rami. Maza kuwa a kwale-kwale suke fita, su yi nutso a inda ruwa ke da zurfi.

Dokoki biyu ne ke kan wannan kamu. Ta gwamnati, wadda aka kafa a 2005, ta hana kama oktofus a gaɓar yamma daga 15 ga Disamba zuwa 31 ga Janairu, ta kuma haramta taɓa wanda bai kai giram 350 ba. Ta biyu ita ce dina, ƙa'idar da mutanen gari ke tsarawa da kansu a taron jama'a. Tun 2001 dokar ƙasa ta tanadi cewa dinar da kotu ta amince da ita tana da ƙarfin doka. Wanda ya karya ta, a gaban taron gari ake fara cin sa tara. Sai ya ƙi biya maganar ke kaiwa ga hukuma.

Da dina ne mutanen ƙauyen Andavadoaka suka rufe wani yankin kamu a Nuwamban 2004, tsawon wata bakwai. Oktofus na girma da sauri, shi ya sa da aka buɗe aka riƙa fito da manya-manya. Maƙwabta suka kwaikwaya, har aka kafa ƙungiyar Velondriake a 2006 domin kula da ruwan yankin. Yanzu akan rufe wani ɓangare na wurin kamu wata biyu ko uku, ragowar a bar shi a buɗe.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa ke zaɓar wurin da za a rufe da ranar da za a buɗe. Galibi wuri marar zurfi ake rufewa, kuma nan ne mata ke nema, don haka aljihunsu ne ke fara jin jiki. In kuma aka sa ranar buɗewa lokacin da ruwa bai janye sosai ba, masu nutso za su kwashe manyan kafin mai tafiya a ƙafa ta kai ga rami ɗaya. Ba sai an rubuta "ban da mata" a cikin dina ba, lissafin rana kaɗai ya isa ya ware su. A shekarun farko dattawa maza ne suka cika kwamitin da ke jagorantar Velondriake, matan da ke zuwa taro ma ba kasafai suke magana ba.

A zaɓen 2016, da aka bar duk baligi ya jefa ƙuri'a, mata sun samu sama da kashi ɗaya cikin uku na kujerun kwamitin Velondriake. Matsalar da ta rage ta aiwatarwa ce: a ƙaramin ƙauye, wanda aka gani yana satar kamu a rufaffen wuri sau da yawa ƙanin miji ne ko ɗan 'yar uwa, kuma kai ƙararsa gaban taron gari ba ƙaramin abu ba ne ga macen da gobe za su haɗu a tsakar gida ɗaya.