Yadda Ake Tsara Manufofin Raya Yankuna a Ƙasar Sin

A ƙasar Sin, manufofin bunƙasa tattalin arziƙin yankuna suna fitowa ne daga ja-in-ja da sasantawa tsakanin gwamnatin tsakiya da ke Beijing da gwamnatocin ƙasa da ita, wato larduna, birane, gundumomi da garuruwa. Ƙasar ba tarayya ba ce. A takarda, iko duka yana hannun tsakiya, amma yawancin kuɗin da gwamnati ke kashewa, hukumomin yankuna ne ke kashe shi.

Babbar alƙibla tana fitowa daga shugabannin Jam'iyyar Kwaminis. Kwamitin tsakiya na jam'iyyar ne ke ba da shawarwari kan shirin shekaru biyar-biyar, wanda aka fara a 1953. Na 14 ya shafi 2021 zuwa 2025. Hukumar Raya Ƙasa da Yin Gyare-gyare, wadda ta samu wannan suna a 2003, ita ke jagorantar rubuta daftarin a ƙarƙashin Majalisar Gudanarwa, wato majalisar zartarwar ƙasar, sannan Majalisar Wakilan Jama'a ta amince da shi a taronta na watan Maris. A watan Disamban kowace shekara kuma ana babban taron tattalin arziƙi da ke tsayar da abin da za a sa gaba a shekara mai zuwa. Daga nan kowane lardi zai rubuta nasa shirin, birane da gundumomi su bi sahu.

Yankin da aka fifita ya sha sauyawa. A 1980 aka kafa yankunan musamman na tattalin arziƙi a Shenzhen, Zhuhai, Shantou da Xiamen. Hainan ya biyo baya a 1988, Pudong na Shanghai kuma a 1990. Gabar teku ta yi gaba, cikin ƙasa ya zauna baya. Don rage wannan giɓi aka ƙaddamar da shirin raya yammacin ƙasar a 1999 zuwa 2000, da na farfaɗo da arewa maso gabas a 2003, da na tsakiyar ƙasar daga baya. A zamanin Xi Jinping hankali ya koma kan haɗa birane: Beijing da Tianjin da Hebei a 2014, sabon yankin Xiong'an da ke lardin Hebei a 2017, da yankin Guangdong da Hong Kong da Macao a 2019.

Sau da yawa ba a zartar da manufa a ko'ina lokaci guda. Ana zaɓar wasu wurare a gwada. Idan ta yi kyau a faɗaɗa, idan ta ci tura a bar ta ta mutu shiru. Yankin ciniki maras shinge na Shanghai da aka buɗe a 2013 haka ya fara kafin wasu larduna su samu irinsa. Wani lokacin ma gwajin daga ƙasa yake tasowa. A 1978, magidanta 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka raba gonakin gandu a asirce, suka dangwala yatsa a takardar yarjejeniya, abin da daga baya ya zama tsarin ƙasa baki ɗaya.

Linzami biyu Beijing ke riƙe da su. Na farko shi ne naɗin muƙamai: sakataren jam'iyya na lardi da gwamna daga sama ake zaɓo su, kuma shekaru da dama haɓakar tattalin arziƙi na cikin manyan ma'aunan ƙarin girma. Wannan ya sa jami'ai gasar jawo masu zuba jari da filaye masu araha da rangwamen haraji. Birnin Hefei, alal misali, ya zuba kuɗi a kamfanin motocin lantarki na NIO a 2020 lokacin da kamfanin ke cikin matsi. Gasar tana da nata illar: a 2017 gwamnan Liaoning ya amsa cewa an yi aringizon alƙaluman kuɗin shiga a lardin tsakanin 2011 da 2014. Ba banza ba Sinawa ke cewa, sama na da manufa, ƙasa na da dabara.

Na biyu shi ne kuɗi. Gyaran haraji na 1994, wanda mataimakin firaministan wancan lokaci, Zhu Rongji, ya jagoranta, ya ba tsakiya kashi 75 cikin 100 na harajin VAT, yankuna 25. Tun 2016 ake raba shi daidai. Nauyin makarantu, asibitoci da tituna kuwa ya ci gaba da zama a wuyan yankuna. Beijing na mayar musu da wani kaso a matsayin tallafi, musamman larduna marasa ƙarfi, har ana haɗa lardi mai arziƙi da matalauci don ya tallafa masa, kamar Fujian da Ningxia tun 1996. Sauran giɓin, da sayar da haƙƙin amfani da filaye suka riƙa cike shi, da kuma bashi ta hannun kamfanonin da suka kafa don karɓar rance, tunda doka ta hana su cin bashi kai tsaye kafin 2015. Da kasuwar gidaje ta faɗi daga 2021, kuɗin filaye ya ragu ƙwarai. A watan Nuwamban 2024 aka sanar da shirin yuan tiriliyan 10 don mayar da ɓoyayyen bashin yankuna zuwa takardun lamuni na hukuma.